Idan Kan Ƙaramar Bishiya Ya Karye, Wa Zai Gaje Shi?

Masu kallo, ku dubi wannan 'yar bishiyar fayin. Irin bishiyoyin nan ne masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗe ganye rani da damina. Sun fi yawa a ƙasashen sanyi, amma akwai gandunansu a Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunukan Jos. Wannan dai kanta ya karye. Mai ita ya zo da gatari zai tumɓuke ta, a ganinsa ta gama yawo. Ni kuwa na ce ya dakata.

Dalilina shi ne, tohon da ke can ƙololuwa shi ne sarki. Yana fitar da wani sinadari mai suna oksin, wanda ke gangarowa ta cikin jiki yana danne rassan ƙasa, ba ya barin su su miƙe sama. Shi ya sa bishiyar take da faɗi daga ƙasa, tsini daga sama. A shekarar 1933 ne masana biyu, Kenneth Thimann da Folke Skoog, suka tabbatar da haka a Kalifoniya ta Amurka. Sun yanke kan wani nau'in wake, tohon gefe ya yunƙuro. Da suka shafa oksin a wurin yankan, sai ya lafa kamar kan yana nan. Duk matar da ke tsinke kan zogale don ya yi rassa ta san wannan sirri, ko da ba ta taɓa jin sunan sinadarin ba.

Abubuwan da ke karya kan ba su da wuyar lissafi: nauyin dusar ƙanƙara, iska, barewa. A Kanada da arewa maso gabashin Amurka kuma akwai wani ƙwaro mai dogon baki da ke saka ƙwai a jikin tsinin, tsutsotsinsa su cinye ƙarƙashin ɓawo har kan ya lanƙwashe ya bushe.

To, sarki ya faɗi, sai rassan da ke kusa da karayar su fara neman gado. Abin da ya fi burge ni ke nan. Reshen da yake kwance a da, sai ya soma gina itace mai tauri ta ƙasansa, wannan itacen ya riƙa tura shi sama a hankali har ya tsaya cak. Idan guda ɗaya ya yi galaba, shi ke nan. Bayan wasu shekaru ɗan karkace kawai za a gani a wurin, wani lokaci ma kauri ya shafe shi.

Matsalar ita ce idan biyu ko uku suka tashi tare, babu mai bar wa wani. Sai bishiyar ta yi gwafa. Mahaɗar gwafar ba ta da ƙwari, domin ɓawo kan maƙale a tsakani, ranar da aka yi guguwa ta tsage biyu. Mai neman katako miƙaƙƙe ma ya yi asara.

Nan ne hannun mutum yake da amfani. Ku gyara karayar da wuƙa mai kaifi, dab da saman rassan farko masu rai. Ku zaɓi reshe mafi ƙarfi, ku ɗaura sanda a jikin bishiyar, ku tayar da shi a hankali, ku ɗaure da tsumma mai laushi. Ban da waya, don tana cin jiki. Sauran masu takarar a rage musu tsawo. Bayan kamar shekara guda a kwance ɗaurin.

Sai dai a kula, fayin ba darbejiya ba ce. Darbejiya ko an sare ta har kututture za ta toho. Yawancin fayin kuwa ba sa toho daga tsohon itacen da ba ganye, don haka kada a yanke ƙasa da koren reshe na ƙarshe. Wannan da ke gabanmu tana da rassa huɗu lafiyayyu a ƙasan karayar. Malam, ajiye gatarin, miƙo mini sandar can.