Teburin Kwamfuta Mai Zurfi: Aiki Ne Ko Kwalliya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke gaba, malamai, ɗalibai, sannunku da zuwa, sannunku da wannan zafi. Na baya kuna ji na? To madalla. Wanda ke kusa da taga ya taimaka ya buɗe ta.

Abu huɗu na zo da su yau: inda teburin kwamfuta ya samo asali, ƙoƙarin da aka yi na ba shi zurfi, abin da ya hana wannan zurfin zama, sai kuma abin da ya bar mana.

Na farko, a gurguje. In ka kunna kwamfuta, ko odinater kamar yadda muka fi faɗa a nan Maradi, fuskar da ke fara tarbarka ita ake kira tebur. Masu na'ura da Faransanci "buro" suke gani. A cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka aka ƙago wannan dabara cikin shekarun 1970. Suka ce a kwaikwayi teburin ma'aikaci: ga takardu, ga jakar ajiye su. Xerox Star ta fito da shi a 1981, Macintosh ta kai shi gidajen mutane a 1984. Shimfiɗaɗɗe ne, yana da tsawo da faɗi, ba shi da zurfi.

Sai wasu suka ce ai duniyar da muke ciki tana da zurfi, akwai kusa akwai nesa, akwai gaba akwai baya, don me za a matse mutum a kan shimfiɗa? Wannan ne abin da yaranmu ke kira "turwa-de". Kuma manyan kamfanoni ne suka zuba kuɗinsu a kai. Silicon Graphics ya yi wata manhaja mai suna fsn da ke nuna jakunkuna kamar gine-gine a fili, kana shawagi a samansu. Wanda ya kalli fim ɗin Jurassic Park na 1993 ya gan ta a hannun yarinyar nan. Kamfanin Sun ya nuna Looking Glass a 2003, inda za ka juya taga, wato filin da kowane aiki ke buɗewa a cikinsa a fuskar kwamfuta, ka yi rubutu a bayanta kamar bayan hoto. Microsoft ya sa Flip 3D cikin Windows Vista a 2007, tagogi su jeru a karkace kamar kati a hannun ɗan karta.

Ni kuwa wanda ya shiga raina shi ne Compiz, na Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wanda David Reveman ya rubuta, ya fito a 2006. Lokacin kamfanin Canonical yana aiko da faifan Ubuntu, wani nau'in Linux, kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya. Ranar da na sa shi a na'urata, na danne maɓallan Ctrl da Alt na ja linzami, wato abin nan da ake ja da hannu a nuna abu a kan gilashi, sai teburin gaba ɗaya ya ja baya ya zama akwati mai fuska shida, kamar dunƙulen Maggi, yana juyawa. Wallahi har yau ina jin daɗin wannan rana. Ka ja taga ta riƙa karkarwa kamar kafaffen kunu. Ka rufe ta ta kama da wuta ta ƙone. Samarin unguwa suka riƙa cika shagona, kowa yana cewa, "Mushe, a sake juya shi!" Wani dattijo maƙwabcina da ya ga wutar nan sai ya ja da baya yana neman buta (dariya). Akwai cikin yaran nan waɗanda akwatin ne ya ja su ga koyon kwamfuta, yau da ita suke ci da iyalansu. Saboda haka ba zan tsaya nan in raina kwalliya ba. Kwalliya ita ke kiran mai saye zuwa rumfa.

Amma bayan mako uku na lura da wani abu. In ina da aiki na gaggawa, wani ya kawo takardar neman aiki yana tsaye a kaina, ba na juya akwatin. Alt da Tab nake dannawa in sauya taga in wuce. Sai an yi baƙo nake juya shi.

To me ya sa? Nan nake so ku ba ni hankalinku, don wannan ita ce zuciyar maganar. Ku tashi da ni a zuci mu tafi babbar kasuwa, mu tsaya gaban mai tireda. Shagonsa ɗaki ne, yana da zurfi, ko ba haka ba? Amma dubi yadda ya jera kaya. Sabulu, madara, tumatirin gwangwani, ashana, batir, duk a jikin bango, kowanne fuskarsa na kallonka. Ya ɗauki ɗaki mai zurfi ya mayar da shi bango. Me ke can ciki, a bayan kanta? Katon-katon da ba a buɗe ba. Zurfi wurin ɓoyo ne. Duk abin da ka tura baya, wani abu ya rufe shi. Mai kayan koli haka, mai tumatir da tattasai haka, kashi-kashi take yi a kan tabarma, ba ta ɗora wani kashi bayan wani inda ido ba ya kai. Mahauci ma a kan tebur yake baza nama. Babu wanda ya karantar da su wannan a lakkol, ciniki ne ya koya musu: abin da ido bai gani ba, hannu ba ya kai masa.

Hatsi kuwa a rumbu ake zuba shi, don ba kullum ake son ganin kowace zangarniya ba. Rumbu na ajiya ne, tabarma ta aiki ce. Teburin kwamfuta tabarma ne. Masu turwa-de sun so su mayar da tabarma rumbu.

Ƙari a kan haka, mai tireda yana da abin da mai kwamfuta ba shi da shi. Yana da ƙafa, yana da wuya. In gwangwani ya rufe masa wani, ya ɗan karkata kai ya gani, bai ma san ya yi ba. Kai kuwa gilashi ne a gabanka, shimfiɗaɗɗe. Linzamin da ke hannunka hagu da dama, gaba da baya kawai ya sani a kan tebur. In kana son leƙa bayan wani abu sai ka danne wannan, ka ja wancan, ka juyo, ka ɓata, ka dawo. Ka zo rubuta wasiƙa ka koma tuƙin mota. Sannan rubutu, jama'a. Yawancin aikinmu rubutu ne. Ɗauki allon almajiri ka karkata shi gefe, ka ce ya karanta. Baƙaƙen sun matse, na nesa sun ƙanƙance. Haka taga take zama a Flip 3D: kana ganin ta, ba ka iya karanta ta. Akwai kuma wata ƙa'ida da Paul Fitts ya fitar tun 1954, cewa gwargwadon ƙanƙantar abu da nisansa, gwargwadon lokacin da hannu zai ɗauka kafin ya same shi. Duk abin da ka tura can ciki ka ƙanƙanta shi da kanka.

Wani zai ce, Malam, ai mutum yana tuna wuri. Gaskiya ne, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi ta masu zurfi. A ɗauke wuta da dare, ka ce wa mai tireda ya ba ka ashana, hannunsa zai tafi kai tsaye. Masu bincike na Microsoft sun gina wani abu a 1998 mai suna Data Mountain, wani gangare da kake jera shafukan intanet a kansa yadda ka ga dama, kuma mutane sun riƙa tuna inda suka ajiye abu har bayan watanni. Amma sai wasu malamai biyu na jami'ar Canterbury a New Zealand, Andy Cockburn da Bruce McKenzie, suka yi tambayar da ta dace: zurfin ne ya taimaka, ko kuwa ajiyewa da hannunka? A 2002 suka gwada mutane da shimfiɗaɗɗe, da mai ɗan gangare, da mai cikakken zurfi, a kwamfuta da kuma na zahiri da suka gina. Suka tarar duk lokacin da aka ƙara wa mutum damar amfani da zurfi, sai neman abu ya ƙara yi masa wuya. Kun gani? Mai tireda yana samun ashana cikin duhu ne don ashanar ba ta tashi daga wurinta. Yaron shago ya sauya masa jeri da rana, ku ga yadda za a kwana (dariya). Zabarmawan da ke cikinmu, ku da ba ku iya jeri ba, ku riƙe wannan (dariya). Wasa nake, taubasaina.

Ina nake? Na uku... a'a, na ukun ne muka gama. To bari in haɗa sauran, na ga mai kula da lokaci yana duban agogo. BumpTop na Anand Agarawala, ɗalibi a jami'ar Toronto, ya sa takardu suna karo da juna, kana tara su tsibi-tsibi. Google ya saye shi a 2010, aka daina fitar da shi. Flip 3D ya tafi da zuwan Windows 8 a 2012. Amma Exposé na Apple, na 2003, wanda kawai yake baza maka dukan tagogi a shimfiɗe kamar kashin tumatir, shi yana nan har yau da sunan Mission Control. Inda abin da kake dubawa shi kansa yana da zurfi, kamar zanen gini, ko hoton sikana na asibiti, ko injin da makaniki zai kwance, nan turwa-de ba shi da na biyu. Wasiƙa da lissafin kanti kuwa ba su da baya da za a leƙa. Tabarau irin Vision Pro na 2024, dala 3,499 na Amurka, ya mayar wa mutum wuyansa, amma ku duba abin da ke shawagi a cikinsa: tagogi ne shimfiɗaɗɗu.

Na'am, Baba? A miƙa masa abin magana.

(Wani dattijo ya ce idonsa ya yi rauni, rubutun kwamfuta ya yi masa ƙanana, ko cikin wannan duka akwai abin da zai amfane shi.)

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wallahi ka kai ni inda na so in je lokaci ya hana. Akwai, kuma shi ne gadon da wannan aiki ya bari. Kafin a iya juya akwatin nan, sai da aka sauya yadda kwamfuta ke zana fuskarta. A da kowace taga kai tsaye take zana kanta a kan gilashi, shi ya sa in na'ura ta sanƙare ka ja taga sai ta bar sawu a baya, waɗanda suka yi aiki da Windows XP sun tuna. Yanzu kowace taga ana zana ta a gefe, sai katin hoto ya harhaɗa su. Da zarar an yi haka, ƙara girman komai ya zama abu mai sauƙi, ba tare da na'ura ta yi nishi ba. A Compiz ɗin ma akwai wannan, kusa da wutar nan, mu dai ba mu kula shi ba.

Windows ce a na'urarka, Baba? To in ka koma gida, ka danne maɓallin nan mai hoton taga, na ƙasa wajen hagu, ka haɗa da alamar tarawa. Komai zai ƙara girma, kuma zai bi linzaminka duk inda ka kai shi. Alamar ɗebewa tana rage shi. In farin yana kashe maka ido, yana buɗe sai ka danna Ctrl da Alt da harafin I, farin ya koma baƙi, baƙin ya koma fari. In ka gama, maɓallin taga da Esc. A wayar Android ma akwai shi cikin saituna, wajen taimakon masu raunin gani.

Kada ka damu da haddacewa. Ɗana, kai mai farar riga, na ga kwamfuta a jakarka. Kawo ta nan gaba, ka jawo wa Baba kujera, mu nuna masa da hannunsa kafin a kira la'asar.