Darasi: Yadda Ake Gano Matsalar Wuta da Konbata a Motar Kwana

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau ya shafi wutar lantarki a irin motocin nan masu ɗakin kwana da madafa da banɗaki, waɗanda Amurkawa ke kira RV, kuma ake ƙera mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana. Wani ƙorafi da masu waɗannan motoci ke yawan kawowa shi ne fitilu sun dusashe ko batir ya mutu alhali motar tana jone da wutar sansanin da aka sauka, kuma kusan kullum konbata, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ake fara ɗora wa laifi. Ni dai a ganina ita ce ta ƙarshe da ya kamata a zarga, domin sau da yawa ana sayen sabuwa alhali fis guda ne ya ƙone.

Wuta iri biyu ce a cikin motar. Akwai babbar wuta mai bolt 120, wadda ke shigowa daga sandar wutar sansani ko daga janareto, ita ce ke kunna soket-soket da na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama abinci. Akwai kuma ƙaramar wuta mai bolt 12, wadda ke riƙe da fitilu da famfon ruwa da fankar ɗumama ɗaki da na'urar da ke sansano ɗigar gas. Ko firij mai aiki da gas ba zai tashi ba idan ƙaramar wuta ta ɗauke, saboda allon da ke sarrafa shi da ita yake aiki. Konbata tana tsakanin biyun: tana karɓar bolt 120, ta mayar da ita ƙaramar wuta, ta ciyar da fitilu, ta kuma yi cajin batir. Wanda ke da sola a gida ya san inbata, to konbata kishiyar aikinta take yi, kada a rikita su.

Kafin ku ɗauki wani kayan aiki, ku duba me ya mutu, me kuma yake aiki. Idan fitilu suna haske sosai amma soket ba wuta, matsalar tana ɓangaren babbar wuta. A nan ku fara da soket ɗin banɗaki ko na madafa mai maɓallai biyu a fuskarsa, wanda ake kira GFCI, domin shi ke yanke wuta idan ta fara zirarewa ta inda bai kamata ba, kuma sauran soket da dama a bayansa suke jere. Ku danna maɓallin mayarwa. Daga nan ku buɗe akwatin bireka, ku tura kowace ƙasa gaba ɗaya sannan ku ɗaga ta, saboda bireka da ta faɗi takan tsaya a tsakiya, ido ya ɗauka a kunne take.

Sandar wutar sansanin ma abar aunawa ce. Ku sa mitar hannu ta auna wuta, ku ga ko tana ba da tsakanin bolt 108 da 132. Ƙasa da haka yana cutar da injin na'urar sanyaya ɗaki, kuma hakan yakan faru da rana tsaka a lokacin zafi idan sansani ya cika. Motar da ke da fulogi mai amp 30 wat 3,600 kaɗai take iya ja, don haka sanyaya ɗaki da ɗumama abinci da dafa ruwa a lokaci ɗaya sun isa su kada bireka ba tare da wani abu ya lalace ba. Sai gargaɗi guda: wannan fulogin ya yi kama da na tsohon injin busar da tufafi mai bolt 240, kuma idan mai haɗa wuta ya yi kuskure ya jona shi haka, konbata na cikin abubuwan da ke fara ƙonewa. Haka zai faru ga wanda ya shigo da irin wannan mota ta Amurka Najeriya ko Nijar ya jona ta kai tsaye, tunda wutarmu ta ninka tasu kusan sau biyu.

Yanzu mu zo ga ainihin gwajin. Ku cire motar daga wuta, ku juya mita zuwa ma'aunin ƙaramar wuta, ku ɗora a kan kawunan batir. Batir mai ruwa da ya cika ya huta yana nuna kamar bolt 12.6, idan kuwa ya nuna 12.1 to ya kai wajen rabi. Ku riƙe lambar, ku jona motar, ku sake aunawa. Lafiyayyar konbata za ta ɗaga shi zuwa wajen 13.6. Konbatocin kamfanoni irin su WFCO da Progressive Dynamics sukan hau zuwa 14.4 idan batir ya yi ƙasa, su sauka zuwa 13.2 idan ya cika. Da zarar kun ga lambar ta hau, konbata ta fita daga zargi.

Idan ba ta motsa ba, ku koma bakin konbatar kanta ku auna. In ta ba da 13.6 a can amma bai isa batir ba, hanya ce ta yanke: wataƙila makunnin raba batir a kashe yake, ko ƙaramar bireka da ke kusa da batir ta mutu, ko kuwa wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar ta yi tsatsa.

Abin da na fi son ku riƙe shi ne fis biyu ko uku masu amp 30 ko 40 da ke jikin konbata ko allon fis ɗinta, waɗanda aikinsu kawai shi ne su ƙone idan an jona batir a baibai. Wannan kuskure yana yawan faruwa ne saboda launi. A motar hawa baƙar waya ita ce mai alamar ragewa, amma a motocin kwana da yawa baƙar ita ce mai alamar tarawa, farar kuma ita ce ta ragewa. Mutum zai fitar da batir a lokacin hunturu, ya dawo da shi bayan watanni, ya bi abin da ya saba, waya ta taɓa na ƙiftawar ido kawai, fis ya tafi. Daga ranar motar za ta riƙa cin batir ba tare da caji ba har ya ƙare. Kada ku yarda da ido, ku zaro fis ɗin ku auna shi, ku gyara wayoyin, sannan ku sa sabo mai lamba iri ɗaya.

Wani lokaci kuma batir ne ke shafa wa konbata kashin kaji. Idan fankarta ba ta hutawa, batir ya yi zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma bayan an cire shi ya huta ya tsaya wajen 10.5, to ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu. Ku kashe wuta, ku buɗe wurin ya sha iska, kada a kusanto da wuta ko sigari, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa.

Sai bolt 120 na shiga, fis duk lafiya, an cire batir an auna bakinta ba ta ba da komai ba, sannan a ce konbata ta mutu. Wajen sauya ta, ku cire fulogin waje, ku kashe janareto da inbata, ku kwance wayar ragewa ta batir. Ku sayi mai ƙarfi ɗaya da tsohuwar, in mai amp 55 ce mai amp 55, domin kaurin wayoyin motar daidai da ita aka yi su. Idan kuma kun koma batirin litiyam, ku tabbata sabuwar tana iya kai shi 14.4 zuwa 14.6, in ba haka ba ba zai cika ba. Mu kwana nan, sai darasi na gaba.