Na'urar minshari ba fanka ba ce

Jama'ar Damagaram, ina wuninku? Yau raina a ɓace yake. Da asuba ƙanena ya yi mini waya daga Birni, wai in aiko wa Kawu tsohuwar na'urata ta barci, tunda shi ma minsharinsa har zaure ake ji. Sai ka ce fanka zan aiko!

Ni kafin a ba ni wannan da kuke gani, a nan Faransa, sai da na kwana da wayoyi a ƙirji, wani abu maƙale a yatsa, likita ya ƙirga sau nawa numfashina ke ɗaukewa a awa. Ya wuce sau 30, wato mai tsanani ke nan. Uwargida ta ce ai ita ta riga likitan sani.

Nawa ciwon na maƙogwaro ne: in barci ya yi nauyi sai naman ya saki ya toshe hanyar iska. Mai irin wannan ciwon ake ba na'urar CPAP, nan suna ce mata PPC, tana tura iska da ƙarfi ɗaya har gari ya waye. Amma tawa irin mai daidaita kanta ce, tana ƙara ƙarfi tana ragewa. Wanda fitar da numfashi ke yi wa wuya, ko mai ciwon huhu, sai a kai shi ga BiPAP, ƙarfin shaƙa daban na fitarwa daban. Wani kuma maƙogwaronsa lafiya lau, ƙwaƙwalwa ce ke mance ta ce a numfasa. Shi akan ba wata na'ura mai suna ASV, amma in zuciyarsa ta yi rauni sosai, wannan na'urar na iya halaka shi. To Kawu da hawan jininsa da kumburin ƙafa, ni ne zan zaɓa masa daga nan?

Sabuwa a kanti ta haura jaka 500, ni inshora ke biya mini haya. Can gida kuwa, kura, wato lantarki, ta ɗauke tsakar dare a zafin Afrilu, sai batir. Ga ƙurar hunturu, dubi 'yar matatar nan da ke tace iskar na'urar, kwana uku a Zengo ta koma ja. Kai, amma na yi kewar barcin tsakar gida bisa tabarma!

Ƙanena, in kana kallo, ka fara kai Kawu a duba zuciyarsa, ka turo mini takardar a WhatsApp.