Talauci a fim: wa ake kallo, wa yake kallo?

Assalamu alaikum jama'a. To bari in fara da abin da dattawan cikinmu suka sani, wato Mother India, fim ɗin 1957. Duk wanda ya shiga silima a Kano a zamanin da ya san shi, matar nan manomiya da mai ba da bashi da ruwa ya cinye musu gona, shanu suka tafi, har ita da kanta ta koma jan garma. Mutane sun sha kuka a kan fim ɗin nan, kuma ba wanda ya ce an ci mutuncin Indiya, sai ma alfahari da aka yi da ya shiga takarar Oska, babbar kyautar fina-finai ta Amurka.

To ga inda abin yake. Nargis ɗin nan da ta fito a matsayin uwar, a 1980 tana 'yar majalisar dattawan Indiya, ita ce ta caccaki darakta Satyajit Ray, wai yana kwasar talaucin ƙasarsu yana kai wa Turawa don a yaba masa. Shi Ray ɗin ya yi Pather Panchali a 1955, labarin wani gida a wani ƙauye na yankin Bengal, ya samu kyauta a bikin Cannes na Faransa a 1956. Ku duba fa, duka biyun talauci suka nuna. Amma na Nargis talauci ne mai kala da waƙa, ana wahala ana rerawa, daga ƙarshe ga ruwan noman rani ya iso ƙauye. Na Ray kuwa baƙi da fari ne, ba rawa ba komai, yarinya ruwan sama ya dake ta zazzaɓi ya kashe ta, iyayen suka ɗaure 'yan komatsansu a keken shanu suka bar garin, shi kenan. Masu sharhi na waje suka ce wannan shi ne gaskiya, ita kuma ta ce tonon asiri ne a gaban baƙi.

Ni dai ban ce Nargis ta yi daidai ba, Ray ɗan gida ne kuma bai wulaƙanta kowa ba. Amma na gane inda take jin ciwo. Mai sharhi yana zaune cikin iyakwandishan, talaucin nan a wurinsa abin nazari ne. Lebura kuwa da ya cire kuɗin tikiti daga abin da ya yini yana nema, ɗakin da ya baro za ka sake haska masa a bango? Haba.

Rigimar ta dawo da Slumdog Millionaire a 2008, fim a kan yaran unguwar talakawa ta birnin Mumbai, wannan karon ma daraktan Bature ne ɗan Ingila, Danny Boyle. Fim ya kwashe Oska 8 a 2009, Amurka ana ta tafi, a Mumbai kuwa mazauna unguwannin talakawa suka fito zanga-zanga, babban abin da ya ɓata musu rai sunan ne, don akwai kalmar kare a ciki. Kuma yara biyu da suka fito a fim ɗin, waɗanda aka kai har Los Angeles wajen bikin, a watan Mayu na shekarar hukuma ta zo ta rushe 'yan bukkokin da suke kwana a ciki.