Tantanin da ba ya aiki sai ya sha ruwa

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro. Yau Malam Bashir ya zo mana da wata 'yar leda a ambulan, ya kuma hana mu taɓawa. Malam, mece ce wannan?

Malam Bashir: Nafion ke nan. Wani masani, Walther Grot, ya samar da shi a kamfanin DuPont na Amurka a ƙarshen shekarun 1960.

Sani: Ni dai wallahi ledar ƙulla gyaɗa nake gani.

Malam Bashir: Kai, Sani! Irin wannan tantanin ne ke cikin motar da ke aiki da iskar gas ta haidurojin, kamar Toyota Mirai da ta fito a 2014. Haidurojin a gefe guda, iska a ɗaya gefen, shi yana tsakiya. Ƙarfen filatinam ya raba haidurojin gida biyu, furoton da ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi. Tantanin ya bar furoton ya wuce, ya ce wa ilektiron babu hanya. Dole ya zagaya ta waya, zagayen nan kuwa shi ne wutar da ke juya mota. Can furoton da ilektiron suka haɗu da oksijin na cikin iska, sai ruwa ya fito ta salansa.

Hadiza: Ashe rariya ce kawai.

Malam Bashir: A'a, Malama. Rariya ƙaramin abu take bari ya wuce. Nan kuwa furoton ya ninka ilektiron nauyi kusan sau 1,836, amma shi ke wucewa. Jikin tantanin dangin Teflon ne, na kaskon nan da ƙwai ba ya kamawa, sai aka rataya masa rassa masu asid da ke jan ruwa. Ruwan ya taru ya yi 'yan lunguna, furoton yana bi daga wannan ƙwayar ruwa zuwa waccan. Kin ga yadda ake miƙa bokiti hannu da hannu idan gobara ta tashi a unguwa? To haka.

Sani: Idan kuma ya bushe fa?

Malam Bashir: Layi ya tsinke, wuta ta ragu. Shi ya sa ake riƙe zafinsa wajen digiri 80 na ma'aunin Celsius, ana jiƙa iskar da ke shiga. Ruwan ya yi yawa kuma, ya toshe wa iska hanya.

Sani: Tabɗi! Wannan ai ya fi jinjiri rigima. A kai shi Agadas a watan Afrilu mu gani.

Hadiza: To me ya sa ake ta lallaɓa shi, ba a canza ba?

Malam Bashir: Juriya. Kumbon Gemini na Amurka ya yi aiki da wani tantanin dabam a 1965, yana saurin lalacewa. Nafion kuwa ba ya jin asid. Sai dai tsada, kuma yana cikin sinadaran nan na PFAS da ba sa ruɓewa, waɗanda Turai ke neman taƙaitawa.

Sani: Malam, yanzu dai na taɓa?

Malam Bashir: Da hannun da ka ci ƙosai? Mayar mini da ambulan ɗina.