Hoton Duwatsun Wata: A Bar Daren Sha Huɗu, A Nemi Daren Bakwai

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi waɗannan hotuna biyu. Madubin hangen nesa ɗaya ne ya ɗauke su, da waya ɗaya, a tsakar gida ɗaya. Na hagu daren sha huɗu ne, wata ya cika tam, fari fat kamar faifai. Na dama kuwa daren bakwai ne, rabi kawai ake gani, amma ga ramuka, ga tsaunuka, kamar ka miƙa hannu ka shafa.

Bambancin duk inuwa ce. Ran da wata ya cika, rana na haska shi ne daga bayanmu kai tsaye, kamar yadda inuwar mutum ke maƙalewa ƙarƙashin ƙafarsa da rana tsaka. Babu inuwa, babu zurfi. A daren bakwai ko takwas kuwa, hasken na zuwa ne a karkace. Wannan layin da ya raba haske da duhu, nan ne gari ke wayewa a kan wata, kuma nan kowane tudu ke jan doguwar inuwa. Da irin wannan inuwar Galileo ya ƙiyasta tsayin duwatsun wata, ya wallafa a 1610.

Mu da muke ƙirga kwanakin wata saboda azumi da salla, mun huta da neman jadawali. Bakwai ga wata, ana idar da magariba, ɗaga kai za ka gan shi can sama, ba a gefen gari ba. Wannan na da amfani, domin iskar da haskensa zai ratso ta fi ƙaranci.

To me za a nema? Bari in kai ku tsakiyar watan. Ga manyan ramuka uku a jere. Na ƙarshe daga kudu sunansa Arzachel, faɗinsa ya kusa kilomita 100, da ɗan tsauni a cikinsa. Sunan Az-Zarƙali ne, masanin taurari na Andalus, Turawa suka lanƙwasa shi haka. Kusa da su ga ramin Albategnius, wato Al-Battani, shi ma masanin taurari. Riccioli, masanin taurari ɗan Italiya, shi ne ya sa waɗannan sunaye a taswirarsa ta 1651, kuma har yau da su ake amfani. Ni dai duk lokacin da na kai madubi wurin nan sai na tsaya na daɗe, don malamai ne da suka ƙare rayuwarsu suna auna sama da ido da ƙarfe, babu ko gilashi ɗaya. Idan ka hau arewa kaɗan, ga jerin tsaunukan Apenninus, tsawon wajen kilomita 600, wasu ƙololuwansu sun kai kilomita 5.

Kayan aiki ba sai masu tsada ba. Madubi mai faɗin milimita 70 ya isa farawa. Mai 150 zai iya fito da rami mai faɗin kilomita biyu ko uku idan sama ta natsu, alhali watan na nesa da mu kimanin kilomita 384,400. Tutar da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka kafa a kan wata a 1969 kam, babu madubin gida da zai nuna ta. Ka sayi ɗan mariƙin da ke ɗaure waya a bakin gilashin leƙawa, domin hannu rawa yake. Ka kashe filasha, ka rage haske da kanka har farin ya daina ƙonewa, ka daidaita gani a kan bakin rami ɗaya sannan ka kulle.

Yanzu ku lura da wannan bidiyon. Kun ga yadda watan ke kaɗawa kamar yana cikin ruwa? Ba madubin ba ne, iska ce. Irin kawalwalniyar da ke tashi a kan kwalta da zafin rana, ita ce wannan. Shi ya sa ba a kafa madubi inda zai leƙa ta saman rufin kwano ko bangon siminti da ya wuni yana shan rana, kuma ake fito da shi waje kamar rabin awa kafin a fara, ya saje da sanyin dare. Hazon hunturu kan dushe hoto ya mai da shi ruwan ƙasa, ko da yake wata na da hasken da zai huda shi. Daren da ruwa ya ɗauke ya wanke sama, wannan ba a wasa da shi.

Maganin kaɗawar shi ne kada ka ɗauki hoto ɗaya. Ɗauki bidiyo na daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya. Cikin ɗaruruwan hotunan da ke cikinsa, akwai 'yan kaɗan da suka faɗo a lokacin da iska ta tsaya cak. Manhajar AutoStakkert, wadda kyauta ce, za ta zaɓo su ta ɗora su kan juna, RegiStax kuma ta ƙara musu kaifi. A nan a yi hattara: in ka matsa da yawa, bakunan ramuka za su yi farin zobe wanda babu shi a kan wata. Kuma ka yi sauri, domin juyawar duniya na gusar da wata tsawon faɗinsa cikin kamar minti biyu.

Ga aikin da zan ba ku. Daren takwas ko tara, ku nemi Arzachel, ku ɗan gangara kudu maso yamma. Za ku ga wani siririn baƙin layi, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula. Rupes Recta kenan, gangare mai tsawon kilomita 110, tsayinsa bai wuce mita 300 ba. Ku ɗauke shi ku ajiye. Sai ku dawo wajen 22 ga wata, kafin kiran asuba, lokacin da rana ke faɗuwa a can. Layin nan da kuka bari baƙi, fari za ku same shi.