Yadda Lua ta jera kod ɗinta har take gudu a kusan kowace na'ura

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau so nake mu leƙa cikin foldar Lua mu ga yadda aka jera kayanta, don wallahi duk mai niyyar rubuta yaren da za a cusa cikin wata manhaja ya kamata ya zauna ya kalle ta da kyau.

Lua dai yaren rubuta kod ce, a 1993 aka ƙirƙire ta a jami'ar PUC-Rio ta ƙasar Brazil, Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu. Ba don ta zauna ita kaɗai aka yi ta ba, baƙuwa ce a gidan wasu, tana cikin manhajoji irin su Redis da Neovim da Wireshark, har wasan World of Warcraft. To baƙo kuma ba shi ke zaɓen ɗakin da za a sauke shi ba, yau Windows gobe Linux jibi wata 'yar na'ura mai memori kaɗan.

Ku duba fayilolin da ke cikin foldar. Wannan llex.c shi ke yayyanka rubutun da ka shigar, lparser.c ya fahimci tsarinsa, lvm.c ya gudanar, lgc.c kuma shi ne mai share memorin da aka gama da shi. Dukkansu da yaren C tsantsa aka rubuta su, babu ruwansu da wace na'ura ake kai. Sai lua.h, ƙofar gidan kenan da duk manhajar da ta cusa Lua ke bi don yin magana da ita, kuma abin da ya fi burge ni shi ne laburaren Lua da kansu, irin su liolib.c da loslib.c, ta wannan ƙofar suke shiga kamar kowa, haka shi ma lua.c ɗin da kake bugawa a tamina manhaja ce kawai da ta ɗauki Lua ta cusa a cikinta. Kenan duk gwajin da aka yi da shi an gwada hanyar da mai cusawa zai bi.

To ina aka kai bambancin na'urori? An killace shi ne a wurare ƙalilan. Mafi yawa yana luaconf.h, nan ake faɗin girman lamba da alamar raba folda, sai loadlib.c inda wajen loda laburaren waje Linux ke amfani da dlopen, Windows kuma LoadLibrary. In gwaji ya faɗi a Windows kaɗai ka san lungun da za ka fara dubawa, ba sai ka bi fayil talatin kana laluben ifdef ba, wato layukan da ke ware kod ɗin kowace na'ura.

Kuma gwajin fa zai faɗi, kar ma ku yi tantama. Nau'in lambar C da ake kira long a Windows mai bit 64 girmansa bit 32 ne, a Linux kuma 64. Ƙarshen layi a fayil ɗin rubutu na Windows haruffa biyu ne, a Linux ɗaya. Ni wanda ya taɓa cinye min kwana biyu shi ne char, nau'in da C ke ajiye harafi ɗaya a ciki, na rubuta ƙaramin mai karanta kod, komai lafiya lau a laftof ɗina, ina ɗora shi a kan wata ƙaramar kwamfuta mai firosesar ARM sai ya maƙale yana ta juyi bai tsaya ba, ashe a can char ba ya ɗaukar lamba ƙasa da sifili, ni kuma na zuba EOF, alamar ƙarshen fayil, a cikinsa ina jiran ya zama -1. Layi ɗaya tak, na mayar da shi int, nau'in da ke ɗaukar lamba ƙasa da sifili, shikenan.

Su mutanen Lua gwajinsu yawanci da Lua ɗin aka rubuta shi, all.lua ke kiran sauran, kuma akwai _port da kake kunnawa ya tsallake gwaje-gwajen da suka dogara da wani tsari na musamman. Amma inda nake so ku tsaya shi ne ltests.c. Wannan fayil yana canja mai raba memori da wani wanda zai iya hana memori da gangan, a ga ko yaren zai dawo da kuskure cikin ladabi ko zai fashe. Ku tuna in Lua ta fashe ba ita kaɗai ke mutuwa ba, da manhajar mai masaukin take tafiya, mutum na tsakiyar aikinsa komai ya rufe.

A naka aikin, kar ka tsaya a kwamfaila ɗaya, wato manhajar da ke mayar da kod yaren na'ura, haɗa da gcc da clang da MSVC, ka haɗa sau ɗaya a matsayin C++ ma tunda a nan Lua ke barin longjmp ta koma throw wajen mayar da kuskure, ka kunna AddressSanitizer mai kama kurakuran memori. In kuma ba ka da na'urar da ke jera bayit daga babba zuwa ƙarami, QEMU, manhajar kwaikwayon na'urori, zai kwaikwayi s390x mai irin wannan jeri a kwamfutarka, yana da nawa kam, amma ku kunna shi ku ga abin da string.pack, mai mayar da lamba jerin bayit a Lua, zai fitar a can.